Daɓe a Ƙofar Coci

Cocin nan ba a New York aka gina shi ba, shigo da shi aka yi, kamar yadda Issoufou ya shigo. Wani attajiri mai kamfanin kifin gwangwani ne ya gan shi a wani ƙauyen kudancin Faransa tun kafin yaƙin duniya na biyu, rufin ya zube, awaki suna fakewa a ciki, ya ce yana so. Aka rubuta wa kowane dutse lamba, aka kwance ginin kaf, aka loda a jirgin ruwa, aka zo aka sake harhaɗa shi a bayan gidan mutumin a Riverdale, can saman Bronx inda masu hali suke zama. Attajirin ya mutu, 'ya'yansa suka duba suka ga duwatsu ba su ciyuwa, sai suka mai da wurin gidan tarihi, suka sa mai sayar da tikiti a bakin get.

A nan Issoufou yake aiki tun shekarar 1989. Shi ne mai gyare-gyare: kwan fitila ya mutu, famfo yana ɗiga, dusar ƙanƙara ta rufe hanya, duk shi ake kira. Mutumin Nijar ne, daga wani ƙauye da ake ce wa Gangaren Bako, ɗan magini kuma jikan magini. Wannan bai shiga takardar ɗaukar aikinsa ba, don babu wanda ya tambaye shi.

Masu zuwa kallo sama suke ɗaga kai, suna kallon zane-zanen da aka sassaƙa a kan ginshiƙai, suna gyaɗa kai kamar sun fahimta. Issoufou kuwa ƙasa yake kallo. Dokin ƙofar cocin dutse ne guda ɗaya, tsawonsa ya kai mutum a kwance, tsakiyarsa ta lotse ta yi rami kamar akushi, sumul, babu ko kaushi. Ba guduma ce ta yi shi ba. Ƙafafun manoma ne, shekara ɗari takwas suna shiga suna fita da takalman katako, da masu kawo jariri, da masu ɗauke da gawa. Ramin ma bai zauna a tsakiya daidai ba, ya karkata dama, kuma Issoufou ya gane dalili tun a makonsa na farko: ƙyaure ɗaya suke buɗewa, ɗayan sai ranar biki. Babu allon da ya faɗi wannan. Kullum da safe yana share dutsen da tsintsiya mai laushi, wani lokaci ya ɗan dafa shi da tafin hannu kafin ya miƙe. Yana son dutsen nan, ba ya kuma jin kunyar hakan.

A bazarar 1994 wata mata mai takalmi mai tsini ta shigo tana kallon sama kamar sauran, ƙafarta ta faɗa ramin, ta gurɗe. Ba ta karye ba, amma a ƙasar nan gurɗewa ma sana'a ce. Lauyanta ya rubuto wasiƙa, kamfanin inshora ya rubuto tasa, ya ce a daidaita dokin ƙofar nan cikin mako uku, in ba haka ba ya janye hannunsa daga gidan.

Madam Prescott, shugabar wurin, ta kira Issoufou ofis. Ba muguwa ba ce, a yi mata adalci. Mace ce da takarda take firgitawa, in ta ga ambulan mai tambari sai fuskarta ta canza. Ta ce masa ya sayo siminti ya cike ramin ya shafe shi daidai da gefe, ya ɗan sa masa launi don kada ya yi muni. Issoufou ya tattaro Turancinsa ya yi mata bayani. Ya ce dutsen mai laushi ne, siminti kuma in ya kama ya kama ke nan, ranar da aka so cire shi da fuskar dutsen zai fito. Ya ce gishirin da ke cikinsa zai riƙa cin dutsen ta ciki ba a gani. Ta saurare shi da irin murmushin da ake yi wa mai shara in ya tsoma baki a maganar likitoci, ta ce ai matakin ƙofa ne kawai, ba ya cikin kundin kayan tarihi, abin da mutane suke zuwa gani yana sama. Ta ƙara da cewa in ba zai iya ba, akwai ɗan kwangila.

Ya fito ransa a ɓace, kuma ɓacin ran ba duka na Madam Prescott ba ne.

A Gangaren Bako akwai masallacin ƙasa da kakan Issoufou ya gina. Duk shekara bayan an gama girbi gari yakan fito a yi masa yaɓe, mata na kawo ruwa, maza na kwaɓa laka, maginan suna sama. In an gama, babban magini sai ya danna tafin hannunsa a ɗanyen yaɓe a gefen ƙofa ta dama, kuma shekara mai zuwa ba a shafe wurin, sai dai a yi sabo kusa da shi. Akwai na kakansa a ƙasa, sun dushe, akwai na mahaifinsa jere a sama, har da wanda babban yatsa ya gutsure, na shekarar da azara ta faɗo masa. Da Issoufou ya fara samu a Amurka, mahaifin ya riga ya rasu, sai ya aika gida da abin da ya sawwaƙa, ya haɗa da kaset. A kaset ɗin ya buɗe baki ya ce a yi wa gari masallaci na zamani, kada a ce ɗan Gangaren Bako yana Amurka a banza. A ransa a gina shi a gefen tsohon masallacin yake nufi. Bai faɗa ba, don ya ɗauka ba sai an faɗa ba.

Bayan wata bakwai amsa ta zo, ita ma a kaset, da muryar ƙanensa Laouali cike da murna. "Yaya, mun kada tsohon. Kwana ukku muna hwama da shi, ginin kaka ƙarhi gare shi, sai da munka ɗauko mota ta ja. Yanzu sima ne da tol, kowa na sa maka albarka." Aka kuma haɗo da hoto: akwatin siminti mai rufin kwano, an shafe shi da koren fenti. Issoufou ya saurari kaset ɗin sau ɗaya, ya jefa shi a ƙasan akwati. Bai zagi Laouali ba. Wa zai zaga, bayan muryarsa ce ta ba da umarni?

Ran da Madam ta yi masa maganar siminti, ya koma gida Highbridge, ya hau benensu hawa biyar, ya zauna ya ƙi taɓa abinci. Matarsa Safiatu, wadda take kitso a wani shago a Harlem, ta bar shi ya gama kumburinsa, sannan ta tambaya. Ya kwashe duka ya gaya mata, ya ƙare da cewa gobe zai je ya ajiye musu makullansu, su nemo wanda zai yi ɓarnar, ba dai da hannunsa ba.

Ta ce to in ya ajiye makullan, ɗan kwangila ya zo ya zuba simintin, dutsen ya tsira ke nan? Ta tambayi zurfin ramin, ya gwada mata da hannu. Ta tambaya ko ruwan sama yana dukan wurin, ya ce a'a, akwai rumfar dutse a gaba. Sai ta yi dariya, irin dariyar da ke ba shi haushi don ya san gaskiya ke biye da ita.

"Baban Aïchatou, ku magina bango kunka sani, ƙasa ba taku ba ce. Wanga ai aikin daɓe ne. Su hwa so sukai wurin shi daidaita, ko? Daɓe na daidaita shi, shi yi tauri a taka, kuma ran da anka so hidda shi, ruwa da cokali sun isa."

Issoufou ya dube ta. A garinsu mata ne ke daɓen ɗaki, su zuba jar ƙasa da tsakuwa, su yi ta duka da madaɓi suna yayyafa ruwan makuba, wato jiƙon ɓawon ɗorawa, har sai ƙasan ya yi ƙyalli. Ya taka daɓen uwarsa shekara ashirin, bai taɓa tunanin sana'a ba ce. Ya jawo kwanon abincin ya fara ci.

Saura ƙasa. A New York ana iya sayen komai, amma ka ce kana neman jar ƙasa mai danƙo a dube ka kamar ka zare. Nan abokinsa Abdul-Fatawu ya shigo, mutumin Kumasi, direban tasi da ke jiran fasinja a filin jirgin sama na JFK, wanda ya san kowane rami da ake haƙa daga nan har New Jersey. Ya ce ya san wurin da ake yanka tudu ana gina hanya, ƙasar ja wur. Amma da ya ji abin da za a yi da ita sai ya kashe rediyon motar ya juyo.

"Masa Issoufou, coci fa. Kai da sallanka biyar, za ka sa job ɗinka a wuta don ƙofan coci? Masu cocin ma sun saida shi sun ci kuɗin."

Issoufou ya ce shi ba salla zai yi a ciki ba. Ya ce waɗanda suka lotsa dutsen nan ba su ne suka sayar da shi ba, talakawa ne irin na Gangaren Bako, ba su bar suna ba, ba su bar hoto ba, ramin nan kaɗai ya rage da ke nuna sun taɓa rayuwa. Abdul-Fatawu ya yi tsaki, ya ce wahalar Zabarmawa da Adarawa ba ta ƙarewa, sannan ya tada mota. Bokiti huɗu suka ciko, yana ta mitar za a ɓata masa but ɗin mota.

Makuba ba ta samu ba, amma Safiatu tana da bagaruwa a kabad, wadda take ajiyewa don magani, ta ce ita ma tana yi. Ta jiƙa ta kwana uku a bahon wanka har ruwan ya yi baƙi, gidan duk ya ɗauki wari, 'yarsu Aïchatou tana toshe hanci tana ƙorafi da Turanci. Issoufou ya sassaƙa madaɓi biyu daga ƙafar wani tsohon tebur. Ya kankaro garin farin dutse daga ɓaraguzan da ke jibge a ɗakin ajiya, don launin ya kusanci na ginin.

Litinin gidan tarihin a rufe yake. Da hantsi suka isa, shi da ita. Safiatu ta tsaya a bakin ƙofar ta leƙa ciki, ta ga duhu da sanyi da 'yan tagogi ƙanana, ta ce ashe ɗan ƙarami ne, bai ma kai masallacin garinsu ba. Ta durƙusa ta shafa ramin, ta daɗe tana shafawa. Sannan ta ɗaure zanenta ta ce ya miƙo ƙasa. Ya shimfiɗa ƙyallen atamfa a cikin ramin tukuna, don ko launin jar ƙasar kada ya shiga dutsen. Suka zuba, suka yayyafa, suka daka. Ta hana shi duka da ƙarfin maza, ta ce daɓe ba faɗa ba ne, a hankali ake yi, sau da yawa. Sautin madaɓi yana shiga cikin cocin yana dawowa. Kafin la'asar wurin ya kwanta daidai da gefensa, ya kewaye shi da igiya, ya rataya allon da ke cewa a bi ta ƙofar gefe. Kwana huɗu yana zuwa da sassafe yana ƙara duka yana yayyafa ruwan bagaruwa.

Ran Juma'a mutumin inshora ya zo da jakarsa. Ya ɗora ma'aunin magina mai ruwa a kai, ya ga ɗigon ruwan ya tsaya a tsakiya. Ya hau ya buga diddige sau biyu, ya yi rubutu, ya sa hannu, ya tafi. Bai yi minti biyar ba.

Da abin ya tsaya nan da shi ke nan. Amma Madam Prescott ta ji daɗin aikin har ta kira Issoufou ofis ta yaba masa, ta ce launin ya zauna kamar da shi aka gina, sannan ta ɗauki biro ta ce ya gaya mata sunan simintin da kamfanin da ya yi shi, za ta sa a fayil. Ƙarya ɗaya ce, ƙarama, kuma ya san sunayen siminti guda biyar. Ya dubi biron, ya ji ba zai iya ba. Ba tsoron Allah kaɗai ba ne, a faɗi gaskiya, har da taurin kai: aikin Safiatu ne, ba zai bar wani kamfani ya ci sunansa ba.

Ya ce mata ƙasa ce. Jar ƙasar New Jersey, da tsakuwa, da ruwan 'ya'yan itace, matarsa ce ta daɓe.

Ta ajiye biron. Ta ce ya maimaita, ya maimaita. Fuskarta ta yi ja, ta ce ya shigo da baƙuwa wurin aiki ranar da aka rufe, ya zuba taɓo a kan ginin da ya shekara ɗari takwas, ya sa ta yaudari kamfanin inshora ba da saninta ba. Ya ce mutumin ya auna ya kuma taka, wurin a daidaice yake, abin da suka nema ke nan. Ya ce ramin yana nan a ƙasa lafiya lau, ranar da aka samu masu hankali a gidan nan da cokali za su kwashe ƙasar su same shi yadda yake. Wannan maganar ta masu hankali ba ta taimaka masa ba.

"Ban gane ba," in ji ta. "Ba addininka ba ne, ba mutanenka ba ne, ba ƙasarka ba ce. Mene ne naka a ciki?"

"Nawa na riga na rushe shi," in ji Issoufou. "Da bakina na sa aka rushe. Wannan kam ba da hannuna ba."

Ba ta fahimta ba, bai kuma tsaya yi mata bayani ba. Ta ce ya ajiye makullai. Ya zare su daga ɗamara ya ajiye a kan fayil ɗin da take son cikewa. Har ya kai ƙofa ya juyo ya gaya mata cewa daɓe yana son a duba shi duk shekara, in ya fara tsagewa a gefe. Ta ce wannan ba damuwarsa ba ce kuma.

Ya yi wata biyu a gida, ba daɗi, ba kuma sai an ɓoye ba. Daga baya Abdul-Fatawu ya samo masa aiki a wani garejin tasi a Tremont, yana yi masa gori duk safiya. Abin da Issoufou yake jira ya ji shi ne an kira ɗan kwangila. Ba a kira ba. Kafin Madam Prescott ta tono daɓen dole ne sai ta rubuta wa inshora cewa takardar da aka sa wa hannu ba daidai ba ce, ta kuma bayyana wa 'ya'yan attajirin yadda aka yi, ita kuwa ga yadda take da takarda. Ta ja bakinta ta yi shiru, a fayil ta rubuta cewa an daidaita. Issoufou ya san lissafin: muddin wurin yana kwance babu wanda zai tuna da shi, ranar da ya tsage wani ya yi tuntuɓe, siminti zai zo.

Da sanyi ya wuce, bazarar 1995 ta shigo, wata Lahadi da safe ya sa rigarsa mai kyau ya hau bas zuwa Riverdale. Ya tsaya a layi ya sayi tikiti kamar kowa. A aljihun rigar akwai curin ƙasa a leda, Safiatu ta kwaɓa shi da ruwan bagaruwa tun jiya, da ɗan guntun katako.

Kamar yadda ya zata, gefen dama ya fara tsagewa, daidai inda ƙafafu suke bi. Mutanen yanzu ma ta dama suke shiga, bai san me ya sa hakan ya faranta masa rai ba. Ya durƙusa a bakin ƙofar, ya ciro ƙasar, ya cusa a tsagar, ya riƙa dannawa da katakon a hankali, sau da yawa. Sabon mai gadin da aka ɗauka bayan tafiyarsa ya hango shi, ya taho, ya tsaya a kansa. Issoufou bai ɗago ba. Mutumin ya dubi tsagar, ya dubi hannun da ke aiki, sannan ya juya ya tafi duba wani abu a can ƙarshen lambu. Wasu tsofaffi biyu, mata da miji, suka iso, suka ga baƙin mutum a durƙushe a ƙofar coci kansa a sunkuye, suka ɗauka addu'a yake yi, suka rage murya suka zagaya ta ƙofar gefe.

Da ya gama ya shafe wurin ya yi sumul. Saura ɗan ragowar ƙasa a leda. Ya dubi lungun da ke jikin ginshiƙin ƙofa ta dama, inda ƙafa ba ta kaiwa, ya shimfiɗa ragowar a nan, ya buɗe tafin hannunsa ya danna, ya daɗe bai ɗaga ba. Yatsu biyar suka fito sarai. Can ƙurya ya yi shi, don ya bar wa na baɗi wuri.

Ya miƙe ya kakkaɓe gwiwa, ya sa tikitin a aljihu, ya nufi tashar bas da jar ƙasa a hannunsa, bai wanke ba sai da ya isa gida.